Iccen Sale

Ku 'ya'yana, da ku jikokina masu karanta Hausa, da waɗanda sai an juya muku zuwa Larabci, akwai wani labari da kuke bayarwa a kaina wanda nake so in karɓe daga bakinku tun ina da rai. A bana kaɗai na ji shi sau uku, na ƙarshe a wurin sunan ɗan 'yar'uwarku Maryam, ina zaune ana ba da shi a gabana kamar ba na nan. Wai an taɓa shuka wani icce mai guba a gidanmu, Ustaz ne da iliminsa ya gano shi, ya sa aka sare kafin ya kashe yara. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Amma na yi shekara talatin da wani abu ina gyaran insha'in ɗalibai, na kuma san ana iya jera jimloli na gaskiya tsaf, su haɗu su tashi ƙarya. Saboda haka ku zauna, yau malamin ne zai gyara nasa rubutun.

Gidanmu na gaɓar kogin Bahar Azrak, ba nisa da Makwar, hoshi ɗaya ne, wato tsakar gida babba, da aka raba da 'yar katanga wadda ba ta wuce ƙugu ba. Gabas ni da uwarku, yamma ƙanena Sale da matarsa Saudatu, ɗakin Baba a tsakiya kusa da zaure. Inna ta riga ta rasu. Baba jikan waɗanda suka baro Sakkwato ne da niyyar Makka, Allah Ya tsayar da su a bakin wannan ruwa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai sauya harshe ba. Ba ya cewa itace, sai icce. Ni ne ɗansa na fari. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba, ku da ubanninku ke ɗauka a kafaɗa cikin kasuwar Managil suna saya muku alawa. A wurin su Baba ɗan fari abin kunya ne: ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a wasa da shi a idon mutane. Ina yaro sunana "kai" ko "wancan". Da na zama malami aka yi mini ƙarin girma, na koma "Mai Alli". Sale kuwa auta ne, sunansa ba ya barin bakin Baba. Sale ka ci? Sale ka dawo? Sale rana ta yi zafi, ka sa hula. Shi dai Sale ya bar makaranta a aji uku, bayan ya yi wa aji biyu zaman shekara biyu saboda ƙaunar da yake masa, ya je ya kama hawashar Baba, gonar auduga da dawa, ya zama mutumin laka da buɗe wa gona ruwa.

Abu ɗaya nake da shi. Kullum bayan la'asar Baba zai sa a fito masa da angarib ɗinsa, gadon nan na igiya, a kai shi ƙarƙashin rumfata. Nan uwarku za ta kawo jabana, gahawar nan mai citta, nan dattawan unguwa za su same shi, ni kuma in karanta musu jarida, in fassara, in ƙara da abin da mai jaridar ya manta. Baba bai taɓa cewa don ni yake zuwa ba. Cewa yake rumfata ta fi iska. Amma na san iska ɗaya ce ke yawo a hoshin nan, don haka na riƙe wannan gado a matsayin duk abin da al'ada ta hana shi faɗa mini. Wanda ba a kiran sunansa yakan koyi karanta ƙafafun gado.

A farkon ɗarin wata shekara wani tsohon ɗalibina, Tijjani, ya dawo daga Amirka inda aka tura shi karatun noma. Ya zo gaishe ni bayan la'asar, majalisa a cike, ya ciro wani ɗan gwangwani daga aljihu ya buɗe. A ciki, cikin jiƙaƙƙiyar auduga, akwai ƙwallaye huɗu, kowanne kamar babban goro, ƙasa-ƙasa, suna ƙyalli kamar an shafa musu man shanu, da tabo mai haske a gefe guda. Ya ce mutanen can suna kiran abin idon barewa, kuma gaskiyarsu, in ka dube shi sai ka ga kamar shi ma dubanka yake.

"Iccen ba ya girma sosai, Ustaz," in ji Tijjani. "Na ado ne. Furensa ja, a tsaye kamar kyandir. Na ce ba wanda ya dace da shi sai kai."

Baba ya ɗago daga kan gado.

"Mi ake ci jikinai?"

"Ba a cin komai, Baba."

"Inuwa hwa?"

"'Yar kaɗan."

"Magani?"

"Ban ji ba."

"Ikon Allah," in ji Baba. "Ashe cikin icce ma akwai malalaci."

Tare da gwangwanin akwai takarda mai shafi biyu da Turanci. Na karanta ta a ranar, daga sama har ƙasa, sau biyu. Ta ce irin ba ya son bushewa. Ta ce iccen yana son sanyi da inuwa, kuma yana fitowa a lokacin da littattafan Larabci ke kira rabi'i. A layin ƙarshe, da ƙananan haruffa, ta ce 'ya'yansa da ɗanyen ganyensa guba ne ga mutum da dabba. Ku riƙe wannan layi, za mu dawo kansa.

Sale yana tsaye jikin katanga, laka har gwiwa, dawowarsa ke nan daga buɗe ruwa. Na duba ƙwallayen na zaɓi wanda ke da ɗan lotso a gefe, na jefa masa.

"Ungo, kai ma kada a ce an bar ka."

Ya cafe, ya juya shi a tafin hannu, ya auna nauyinsa, ya kai hanci.

"Wannan da ransa, Yaya. Kada ka bar naka su sha iska."

"Akwai takarda," na ce masa.

Nawa ukun sun yi rayuwa mai daraja. Sun je makaranta. Na yi darasin labarin ƙasa a kansu a aji huɗu daban-daban, suka bi hannun yara ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na sa su a kabad mai gilashi a ɗakin baƙi, na rubuta musu suna da harshe uku. Maganar bushewa kuwa na yanke hukunci cewa rana ba ta shiga kabad, saboda haka babu abin da zai bushe. Sauran lokacina na ɓata shi wajen gano ranar da rabi'i ke sauka a nan yankinmu na Jazira. Na tuntuɓi littattafai, na tuntuɓi malamin kimiyya, muka yi muhawara har sau biyu, a ƙarshe muka yi ittifaƙi cewa rabi'i a ƙasarmu kwana huɗu ne tsakanin ɗari da zafi, wata shekara ma ba ya samun damar zuwa. Sale, wanda bai san akwai rabi'i ba, tun a ranar ya tona rami a gindin randar ruwansu, daidai inda ɗigon ke sauka, inda kaji ke kwanciya da rana tsaka domin nan ne mafi sanyi a duk hoshin. Ya ɗebo baƙar ƙasa daga bakin Bahar, ya haɗa da tsohon takin awaki, ya binne ƙwallonsa mai lotso, ya tafi gona.

Bayan mako shida muka ji guɗar Saudatu da sassafe. Na fito ina tsammanin an yi haihuwa a maƙwabta. Wani jan tsiro ne ya fasa ƙasa a gindin randa, cikin 'yan kwanaki ya buɗe ganye mai yatsu biyar, kamar tafin jariri yana gaisuwa. A makon na shuka nawa. Na auna zurfin rami da rula, na auna ruwa da kofi, na rubuta ranar a littafi. Bayan wata guda na tono su da kaina, lokacin da na tabbata kowa ya fita. Yadda na binne su haka na same su, sai dai sun yi sakayau, in ka girgiza sai ka ji wani abu yana kaɗawa a ciki. Sun mutu tun suna cikin kabad, a ƙarƙashin sunansu na harshe uku.

Sale ya yi wa nasa 'yar rumfa ta zana. Ya kewaye shi da ƙaya, ya sake kewaye ƙayar da wata ƙaya. In iska mai zafi ta taso sai ya jiƙa buhuna ya rataya. Mutumin da ke dawowa daga hawasha a gajiye tiɓis, ba zai sha ruwa ba sai ya tsuguna ya duba ƙarƙashin kowane ganye. Wata la'asar, an ɗauko gado za a nufi rumfata, sai Baba ya ɗaga sanda.

"Ku kai shi can yau, in ga malalacin ga na Sale."

Na ce a raina kallon rana ɗaya ne. Kashegari ma haka. A rana ta uku ba wanda ya tambayi inda za a kai gado. Jabana ta bi gado, dattawa suka bi jabana. Uwarku takan dafa ta a nan gefenmu ta miƙa ta saman katanga, ni ina zaune da jarida a rumfar da aka ce ta fi iska. Ba a kore ni ba, kada in yi wa kowa ƙazafi. Kullum Sale sai ya leƙo ya ce, "Yaya, ka tsallako da jaridar mana." Na tsallaka 'yan lokuta. Ranar farko na yi musu bayanin asalin iccen, da sunansa na Latin, da irin ƙasar da yake fitowa. Ina tsakiyar bayani Baba ya katse ni, ba tare da ya dube ni ba.

"Sale, ganyen ga na jiya, kamar ya ƙara hwaɗi ko idona na?"

"Ya ƙara, Baba."

"Hannun Sale da albarka," ya ce wa dattawa. "Ko tsinken ashana yak kahwa sai ya yi ganye."

Na naɗe jaridata. Ni na kawo ilimin, ɗalibina ya kawo irin, hannuna ne ya jefa shi ta saman katanga, amma duk unguwa ba a san shi da wani suna ba sai iccen Sale.

Da bazara ta tsananta ganyen ya yi rawaya ya zube kaf, aka bar tsinke a tsaye. Na sa jallabiyata na tsallaka na yi ta'aziyya.

"Ma'alesh, Sale. Ba ƙasarsa ba ce. Takarda ma ta faɗa."

Ya tsuguna ya ɗan kankare bawon da farce, ya nuna mini kore a ciki.

"Barci yake, Yaya."

Na yi murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya dage a kan amsar da ba daidai ba. A ranar na ci kisira, gurasar nan ta dawa, faranti biyu, har uwarku ta tambaye ni ko an ƙara mini matsayi ne. Gado ya dawo rumfata, ya yi bazara da damina a wurina. Ɗari na shigowa tsinken nan ya farka, ya fito da tafuka sababbi sun fi na bara yawa, gado ya tashi ya koma yamma. Haka muka yi shekara biyu. Mutum mai karanta harshe uku, wanda in ya shiga aji yara sittin ke miƙewa tsaye, darajarsa a gidan ubansa tana hawa da sauka da ganyen wani icce da bai kai masa ƙirji ba. Na san abin dariya ne. Sanin bai rage komai ba. Na karanta abin da malamai suka rubuta a kan hassada, har na koyar da shi, na ba da jarrabawa a kansa. Amma wanda ya san sunan zazzaɓi da Larabci ba ya fin kowa saurin warkewa.

A ɗari na uku iccen ya ɗauki fure. Kawuna uku ne a saman rassa, a ƙulle, kore-kore da ɗan ja a baki, kowace safiya suna ƙara tsawo. A lokacin idon Baba ya fara rauni, ƙafa ma ta ƙi, sai an riƙe shi. Yakan sa a matso da gado dab da ƙaya ya ce:

"Allah Shi nuna mini jan huren ga kahin in tahi."

Labari ya bazu. Mata suna shigowa da sunan aron turmi su tsaya kallo. Har mufattishi, jami'in duba gonakin auduga, ya tsayar da motarsa a ƙofar gida, ya shigo, ya gaisa da Sale da hannu biyu, ni ya ɗaga mini hannu ta saman katanga. Kashegari da safe na buɗe kabad na ciro takardar. Na gaya wa kaina dalilai, kuma masu kyau ne. Hauwa'u 'yar Sale ta fara tafiya, duk abin da ta tsinta baki take kai shi. Awakin maƙwabcinmu Malam Idi ba su san iyakar gida ba. Fure na zuwa, bayan fure 'ya'ya. Wane mai ilimi ne zai yi shiru? Uwarku ta same ni ina goge gilashin idona da takardar a cinya. Na karanta mata layin ƙarshe. Ta dube ni ta ce:

"To ka faɗa wa Sale mana. Ga shi can, ta saman katanga ma ya ji."

"Magana ce ta jama'a."

"Ustaz," ta ce, "ba iccen ne ya tsone maka ido ba. Gadon ne."

Na ce mata ta kula da jabanarta. Allah Ya jiƙan uwarku. Ba ta yi aji ko ɗaya ba, amma ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa a kaina ba.

Na zaɓi Juma'a, domin ranar ce majalisa ta fi cika. Na bari aka zuba finjali na farko, sannan na tsallaka da takardar, na ce ina da magana. Na karanta layin da Turanci tukuna, ba don wani zai gane ba, sai don ya yi nauyi. Sannan da Larabci. Sannan da Hausa, a hankali, yadda nake yin shifta. Malam Idi ne ya fara miƙewa.

"Guba? Ya salam! Awakina kullum cikin hoshin ga suke wuni!"

Saudatu, da ke bakin madafa, ta suri Hauwa'u ta rungume, ko da yake yarinyar tana can nesa tana wasa da murfin tukunya. Sale ya tashi tsaye. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana a gaban manya ba sai ranar.

"Shinge biyu na yi masa. Shekara biyu ko kaza ba ta taɓa shi ba. In ya yi 'ya'ya zan tsinke su ɗanyu in ƙone, wallahi da hannuna. Ku bar shi ya buɗe kawai. Kwana bakwai. Baba ya gani, halas, in sare."

Ya juyo ya dube ni. Ba dattawa yake roƙo ba, ni yake roƙo, domin ya san in na ce kwana bakwai ba komai, kowa zai yarda. Mai takarda ne ke da hukunci. Na gyara gilashina.

"Takardar ba ta ce gubar tana jira kwana bakwai ba."

Wani dattijo da ya yi karatun fiƙihu ya ce kawar da cuta shi ke gaba da jawo amfani, balle ma nan babu amfanin. Aka yi ta "haka ne, haka ne". Duk ido ya koma kan Baba. Ya daɗe yana kallon wajen iccen, ko da yake ban san iya abin da yake gani ba.

"Sale," ya ce, "maƙwabci na da hakki."

Sale ya juya. Ya shiga ɗaki ya fito da adda. Ya janye ƙaya ta waje, ya janye ta ciki, a hankali, kamar mai kwance wa jariri zane. Sara ɗaya ya yi. Gindin bai fi kaurin babban yatsana ba. Shekara biyu na ɗigon randa da jiƙaƙƙun buhuna, ƙararsu ba ta kai ta karya rake ba. Ya ɗauki abin da ya sare ya zagaya baya da shi. Dattawa suka fara tuna cewa suna da uzuri, ɗaya bayan ɗaya suka fice, jabana ba a sha zagaye na biyu ba. Ni ma na juya zan tsallaka.

"Usmanu."

Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, kuma ban taɓa jin wannan suna a wannan murya ba. Har na waiga in ga ko wani Usmanu ne ya shigo.

"Na'am, Baba."

"Takardar ga, yaushe taz zo hannunka?"

"Tare da irin ta zo."

"Ka karanta ta ranar?"

"Na karanta."

"Har ƙasa?"

"Har ƙasa."

Ya gyaɗa kai.

"Lalle gubar ga ta yi haƙuri. Shekara biyu tana zaune, ba ta tashi ba sai da icce yaɗ ɗauki hure."

Sai ya juya fuskarsa wajen bango. Abin da na jira tun ina rarrafe ke nan, in ji sunana a bakin ubana. Na samu. Ban san da wannan tambaya zai zo ba.

Sale bai jefar da abin da ya sare ba. Ya yanke kan, ya tsoma a gwangwanin madara da ruwa, ya ɗora can saman randa inda ba yaro ba akuya. Na hango shi da safe ta saman katanga. A makon ana neman malaman da za su je garin Rufa'a gyaran takardun jarrabawa, aikin da kowa ke gudu, ni na je na ba da sunana. Kwana goma na yi. A bayana, kamar yadda uwarku ta gaya mini, furen ya buɗe a cikin gwangwani a rana ta uku. Duk gidan sun gani. Malam Idi ma ya zo ya gani. Aka miƙa wa Baba, ya riƙe shi dab da idonsa. Kwana biyu ya yi ya zube. Da na dawo ba gwangwani, ba zance. Gado kuwa bai dawo rumfata ba, bai kuma koma ta Sale ba. Baba ya sa aka ajiye shi a bakin zaure, tsakiyar gida, inda rana ke duka har kusan magariba. Muka yi magiya ya ƙi. Ya ce nan ya fi iska. A daminar shekarar ya rasu.

Kada ku ce na zargi kaina fiye da kima. Gubar gaskiya ce, kuma mai yiwuwa da iccen ya rayu ya yi 'ya'ya da wata rana an yi kuka. Da na faɗa a ranar farko, lokacin da nake jefa masa ƙwallon, da nasiha ce, Sale ya shuka da saninsa ko ya fasa. Da na faɗa masa shi kaɗai, da 'yan'uwantaka ce. Da na ba shi kwana bakwai, da adalci ne. Ƙofa uku aka buɗe mini, na bi ta taga. Na ajiye gaskiya shekara biyu a kabad, kusa da matattun ƙwallayena, har ranar da za ta fi yanka.

Sale bai taɓa yi mini gori ba. Kowace safiya sai ya gaishe ni ta saman katanga. Dawar farko ta hawasha gidana take fara shigowa. Ya ɗora dutse a inda iccen yake, kuma daga ranar bai sake shuka abin da ba a ci ba. In baƙo ya tambaya ina iccen nan da aka yi ta labari, sai ya ce, "Ai Yaya ne ya gano yana da guba, ya tsare mana yara." Daga bakinsa labarin da kuke bayarwa ya fito. Ya rufa mini asiri da bargon da na yi shekara talatin ina neman numfashi a cikinsa.

Bara da ɗari, da ƙafar Sale ta kwantar da shi, na zagaya ta zaure na je na zauna a bakin gadonsa. Tsallaka katanga ya wuce mu duka biyu. Kafin nan wata jikata ta taɓa nemo mini hoton iccen a wayarta, na ce ta mayar aljihu, ba shi nake nema ba. Muka gaisa, muka yi zancen ruwa da tsadar taki. Sannan na ce:

"Sale, furen nan."

Bai tambaye ni wane fure ba.

"Wane irin ja ne?"

"Kai ne mai karatu, Yaya. Takarda ba ta faɗa ba?"

"Ta ce ja."

"To ja ne."

Ya yi 'yar dariya har tari ya kama shi. Na ba shi ruwa. Na ce masa ya yafe mini, na faɗi abin da nake nema ya yafe da sunansa, ban lulluɓe ba. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce ya yafe tun kafin ƙayar ta bushe. Sai ya dubi rufin ɗaki ya ce:

"Ranar da ya buɗe, Baba ya neme ka."

"Ni?"

"Yana riƙe da shi a nan, dab da ido. Ya ce, ina Usmanu, shi zo shi gani. Na ce kana Rufa'a. Can anjima ya sake cewa, ku kira Usmanu mana. A gaban kowa, har Malam Idi. Saudatu ta rufe baki don kunya."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Shekara talatin ba ka ambaci iccen ba, Yaya. Na ɗauka ba ka son zancen."

To kun ji. In za ku ba da labarin nan bayana, ku kira iccen da sunan mai shi, ku ce ya yi fure a ƙasar da aka ce ba zai rayu ba, ku ce Baffanku Sale ne ya raya shi da ɗigon randa. In an tambaye ku ina Ustaz yake a ranar, ku faɗi gaskiya har ƙasa. Ubansa ya kira sunansa sau biyu da fure a hannu, shi yana Rufa'a da jan alƙalami, yana gyara kuskuren 'ya'yan mutane.